Shekarar da Ban San Inda 'Yata Take Ba

Yanzu kuma na iso kan shekarar da kuka fi yi mini ƙage a kanta. Na sha jin ku a tsakar gida, kuna zaton gyangyaɗi nake yi a zaure, kuna cewa Baffa Inuwa ne ya ƙwaci Yayarku daga hannun Mansur, Baba kuwa ko inda aka kai ta bai sani ba. Rabin maganar gaskiya ce, ban sani ba. Amma tunda Allah ya ara mini rai har na riƙe biro da wannan hannun da sitaci ya cinye, bari in gaya muku yadda aka yi ban sani ba ɗin, don ku daina tattara lada kuna zuba wa mutum ɗaya. Aji huɗu na yi a boko. In kun ga harafi ya karkace ku miƙe shi da kanku, ai ba ado na kai ku makaranta ba.

Yayarku 'yar fari ce, kuma a zamaninmu ɗan fari abin kunya ne. Ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, in ya faɗi a gabanka sai ka kalli sama har wani ya zo ya ɗaga shi. Ana yaye ta, sai Iya, mahaifiyarmu, ta saɓa ta a baya ta kai ta Soron Ɗinki, gidan yayana Inuwa, don a lokacin matarsa Gwaggo Asabe ba ta samu haihuwa ba. Ba wanda ya tambaye ni, kuma da an tambaye ni ma cewa zan yi to. Haka ta tashi, ni na haifa, shi ake kira Baba. Ni kuwa sunana a bakinta Baban Mandawari, sai ka ce wurin da ɗan adaidaita yake sauke fasinja. Dama can Inuwa tun muna yara shi ne mai sa'a. Shi aka bari a makaranta har ya zama malami, ni aka cire aka ba ni buroshi da bokiti aka ce ga wankin hula nan, sana'a ce. Shi magana a bakinsa kamar saye yake yi, in ya ce uhm mutane su ce kai, Malam ya yi hikima. Ni kuwa a rumfata ake wanke hulunan Mandawari da labaran Mandawari gaba ɗaya, in yi magana tun hantsi har la'asar, ba wanda ya taɓa cewa na yi hikima.

Mansur mai sayar da waya ne da kwamfuta, yaro mai tsabta, mai durƙusawa har ƙasa. Da ya zo neman aure, rumfata ya fara zuwa kafin ya je Soron Ɗinki, ya ce ai reshe ba ya wuce tushe. Kun san a nan ya gama da ni. Bayan biki ya kawo mini waya babba, irin ta shafawa, ya zauna ya saita mini ita da hannunsa, ya ce Baba ba sai ka wahala ba, komai na gama. Ita ma amaryar ya ba ta irinta. Inuwa kuwa 'yar ƙaramar nan ce a aljihunsa, mai tocila a ka. Ranar na je Soron Ɗinki gaisuwa ba tare da wani dalili ba, na ajiye tawa a kan tabarma inda haske zai dinga dukanta. Ni a ganina hassada ce ta hana shi magana, kuma har yau ban janye ba.

Da abin ya ɓaci, ba Mandawari ta gudo ba. Soron Ɗinki ta tafi, da rana tsaka, fuska a kumbure, hannu ɗaya ba ya ɗaguwa. Ni a bakin Innarku na ji, ita kuma a bakin Gwaggo Asabe, wato labarin 'yata sai da ya yi zango biyu kafin ya iso ni. Ashe an daɗe ana yi. Kishi ne da shi irin wanda ba ya barci: wa kika gaisar, me ya sa kika yi dariya, me ya sa mai kayan miya ya ƙara miki tattasai. Daga tambaya sai hannu. Dangi suka taru suna ta jero abin da aka saba jerowa, cewa tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, a yi haƙuri. Inuwa ya bari suka gama, sannan ya ce ba za ta koma ba, kotu za a je. Aka yi ta jinjina masa. Ni ma abin da ke bakina ke nan, wallahi, sai dai ba ni aka kalla ba.

Muna zaton an rabu da Bukar, ashe an haifi Habu, kuma ba ni nake nufi ba duk da sunana ne. Ta je asibiti a duba hannun, tana fitowa sai ga shi a bakin ƙofa yana murmushi. Ta je sunan ƙawarta, sai ga motarsa a bakin layi. Ta fita sayen magani, kafin ta dawo saƙo ya shigo cewa koren mayafin nan bai karɓe ki ba. Aka canza mata layi, bai hana komai ba. Yau ya turo yana kuka yana neman gafara, gobe ya turo da wata sabuwar lamba yana cewa hotunanta da ya ɗauka a ɗaki, ba ɗankwali ba mayafi, zai watsa su duniya ta gani in ba ta dawo ba. Mata suka ce asiri ne. Aka kawo rubutu, aka yi hayaƙi har Gwaggo Asabe ta kwana biyu tana tari. Innarku ta ce ba wani asiri, akwai munafuki a gidan, Gwaggo Asabe ta ce munafukin dai daga Mandawari yake zuwa gaisuwa, aka kusa raba zumuncin shekara da shekaru a kan abin da ba wanda ya aikata. Ita kuwa yarinyar ta daina fita, ta rataya zani a taga, in an yi sallama a zaure sai ta zabura.

Kuma ku rubuta wannan ku ajiye: ba Inuwa ne ya gano bakin zaren ba, ita ce. Wata rana Gwaggo Asabe za ta Ƙofar Mata karɓo zanenta da ta kai rini, sai Yayarku ta jefa wayarta a jakar Gwaggo, ita ta yi zamanta a ɗaki. Gwaggo na isa karofi sai ga Mansur tsaye a tsakanin marina yana ta waige-waige, wai shi ya zo kallon shuni. Bayan haka ta rubuta wa wata ƙawarta cewa gobe za ta je ta'aziyya unguwa kaza, alhali ba wanda ya mutu. Washegari aka gan shi a unguwar yana tambayar gidan rasuwa. Nan ta gane wayar ce take kai rahoto, inda take da abin da take faɗa. Wa ta gaya wa? Kun sani. Ba sai na ɓata tawada ba.

Inuwa ya nemo wata lauya, tsohuwar ɗalibarsa, wadda ta saba da shari'ar mata irin wannan. Aka zauna a zaurensa bayan azahar, aka aiko a kira ni, kamar wanda za a sa ya shaida cinikin akuya. Yayarku na gefe kanta a sunkuye, ni ina kallon bango kamar yadda al'ada ta koya mana. Lauyar ta yi bayani yadda har ni na gane. Ta ce da ya sayi wayar, da sunansa da makullinsa ya buɗe ta, don haka kamar gida ne da aka ba ka amma mai shi ya riƙe makulli ɗaya a aljihu. Duk inda ta je yana ganinta a taswira, saƙonninta kuma ya haɗa su da kwamfutar shagonsa, yana zaune yana karantawa kamar jarida. Na ce to me ake jira, a ba ni ita in kai ta Ƙofar Mata in jefa a rijiyar rini, ya bi ta can ya fito baƙi wuluk. Na zaci za a yi dariya. Ta ce a'a Baba, ba a fasawa, ba a gogewa. Duk zagin nan da barazanar nan su ne shaidarmu a gaban alƙali. Kuma in wayar ta mutu farat ɗaya zai san an gano shi, irinsu kuwa a lokacin suka fi haɗari. A bar ta a nan Soron Ɗinki a jone da wuta, ya yi ta kallon ɗigon da ke nuna ta a taswira yana zaton tana ɗaki. Ita kuma a ɗauke ta a kai ta wani gida har a gama shari'a, da wata waya ƙarama da hannunsa bai taɓa ba, kuma waɗanda za su san gidan kada su yi yawa.

Tana gama faɗin haka idonta ya sauka a kan tabarma, inda na ajiye tawa don haske ya doke ta.

"Baba, wannan fa, wa ya saya maka?"

Inuwa ya yi wani ɗan tari. Na yafe wa mutane da yawa a rayuwata, har da wanda ya gudu da hulunan mutane ya bar ni da rantsuwa, amma tarin nan ina nan ina nazari a kansa.

Sai dai a faɗi gaskiya ko da ta maƙiyi ce, balle ta ɗan'uwa. Inuwa ne ya gyara zama ya ce:

"Habu ubanta ne. Ko wa za a ɓoye wa, ban da shi. A gaya masa gidan."

Tunda aka haife ta ban taɓa jin ya faɗi haka a gaban mutane ba. Na ce a raina yau dai an zo wurin. Har lauyar ta buɗe baki za ta faɗa mini. To amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na san bakina: an ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, to nawa don tuwo kaɗai aka yi shi, magana ba ta taɓa kwana a cikinsa ba. Na san ƙafata: in na san gidan, wata rana zan ce bari in bi ta layin kawai in ga ko ƙofar tana da kyau, da waya ko ba waya, ai ido ma yana bin mutum. Kuma na san abin da ya fi waɗannan. Mutanen Mansur za su zo biko, za su zo da masu furfura, za su haɗa ni da Allah. Inuwa yana iya zama kamar turmi har su gaji su tashi. Ni in aka haɗa ni da Allah, ko dai in faɗi gaskiya ko in yi rantsuwar ƙarya, kuma duk biyun ba wadda zan iya ɗauka.

"Kada ku gaya mini," na ce.

Inuwa ya ce, "Habu."

"Na ce kada ku gaya mini. Bari in fita, ku yi maganarku."

Na ɗauki wayata na zura takalmi na fito lungu. Ina jin ƙus-ƙus ɗinsu ta bayan bango, na matsa gaba don kada wata kalma ta tsallako ta same ni. Ina tsaye ina kallon awaki, a ciki ana gaya wa Inuwa inda za a kai 'yata. Da ya fito raka ni, fuskarsa irin ta wanda ya san abu. Dama haka fuskarsa take tun muna yara, amma ranar da gaske ne.

Lauyar ta ce in ci gaba da yawo da wayata kamar kullum, kada in canza komai. Da Mansur ya ga ɗigon Soron Ɗinki ya daɗe bai motsa ba, sai ya dawo kaina. A lissafinsa, uba dole wata rana ya je wurin 'yarsa. Na je sayo sitaci, ga shi can a tsallaken titi. Na je aski, ga motarsa. Na je gaisuwar mutuwa a Ƙofar Mata, ina shafa fatiha ina hango shi ta tsakanin yatsuna. Da farko har daɗi na ji, don ni ko a sallah ba a taɓa bin bayana ba, yau ga ni da mamu mai mota. Na yi ta ba abokan rumfa dariya da shi a raina, tunda a baki an hana ni. Amma dariyar ba ta daɗe ba. Na fara waige ba dalili. Abinci ya daina wucewa. In wayar ta yi ƙara a aljihuna sai in ji kamar kunama ce ta motsa. Ni namiji, a unguwarmu, a tsakiyar mutanena, da rana. Sai na tuna ita, ita kaɗai, a ɗaki ɗaya da shi, ƙofa a rufe, ba ta da wanda za ta gaya wa sai wayar da yake karantawa. Ranar da wannan tunanin ya zo mini, hula ɗaya na yi ta gogewa har mai ita ya ce Malam Habu ai ba fata ba ce.

Suka zo kamar yadda na faɗa. Sun fara zuwa wurin Inuwa, ya ba su ruwa, ya ba su shiru, suka sha duka biyun suka tashi. Sai suka nufo ni bayan la'asar: kawun Mansur, wani Alhaji mai faɗa a ji, da limamin unguwarsu, da shi kansa a baya yana sunkuyar da kai kamar bai taɓa kashe ko sauro ba. Aka yi gaisuwa, aka yi wa'azin haƙuri, aka ce yaro ya yi kuskure ya tuba, so ne ya yi masa yawa. Na ce so ɗin da ke karya hannu Allah ya raba mu da shi. Sai limamin ya matso, mutum ne mai kwarjini, kuma na tabbata shi da zuciya ɗaya ya zo.

"Malam Habu, kowa ya san ka ba ka rantsuwar ƙarya. Don girman Allah da ya halicce ka, ina yarinyar nan take? Magana kawai za mu yi da ita."

Na dube shi, na dubi Mansur. Wayar tana aljihuna.

"Wallahi tallahi, Liman, ban san inda take ba. In akwai Alƙur'ani kusa a kawo in dafa."

Kawun ya ce, "Uba bai san inda 'yarsa take ba?"

"Ga shi kuwa kana gani."

Limamin ya tattara rigarsa ya ce su tashi, mutumin nan gaskiya ya faɗa. Mansur ya fita yana waigena, fuskar nan ta ladabi ta zame, na ga ainihin wadda Yayarku ta daɗe tana gani.

Kafin magariba labari ya zaga Mandawari. Wanda ya zo karɓar hula sai ya ce Malam Habu, an ce an tambaye ka 'yarka ka ce sai an duba. Wani ya ce a haɗa kuɗi a yi mini cigiya a rediyo. Na saba ni nake tsokanar mutane, shekarar nan na zama abin tsokana, kuma ba damar in kare kaina, don kariyar ita ce tona asirin. Sallah ta zo, Innarku ta yi kwalliya ta ɗauki kwanon tuwo, Inuwa ya zo da babbar riga ya tsaya a ƙofar gidana yana jiranta, wai shi ne ɗan rakiya. Suna fita na juya na fuskanci bango, don kada in ga ko dama suka yi ko hagu. Da ta dawo, ƙanshin turaren wani gida a jikin mayafinta, na ce lafiya? Ta ce lafiya lau, har ta yi ƙiba. Iyakar rabona ke nan a sallar. Inuwa kuwa an ce har fura ta dama masa da hannun da ya warke.

Shari'a ta ja, kamar yadda ta saba. A ƙarshe aka karanta saƙonninsa a gaban alƙali, na kukan da na barazanar, ɗaya bayan ɗaya, kawunsa na zaune yana ji. Ya ce ba shi ba ne, aka nuna yadda wayar take a buɗe da sunansa. Alƙali ya raba auren, ya sa aka goge hotunan a gabansa, ya kafa masa sharaɗi cewa in ya ƙara bin ta, ko da ƙafa ko da waya, hukuma ce za ta yi magana da shi, kawun kuma ya tsaya masa. Ko bayan haka sai da aka ɗan jinkirta kafin ta dawo, don lauyar ta ce takarda ba ta sauya hali rana ɗaya. Tawa wayar aka wanke ta tas aka miƙo mini, na ce a kai kasuwa, na sayi mai tocila.

Bayan ta dawo da ɗan lokaci, wata rana da hantsi ina kife huluna a rana, sai na ga mace ta tsaya a bakin rumfa. Ba ta taɓa zuwa rumfar nan ba tunda aka haife ta. Abokan zama suka tuna suna da uzuri, suka watse. Ta durƙusa ta gaishe ni, na amsa ina kallon bokiti. Ta yi shiru, na yi shiru, wanda a wurina ba ƙaramin aiki ba ne.

"Na zo in gaya maka gidan da na zauna," ta ce. "Ban shawarci kowa ba. Ni na ga ya kamata ka sani."

Ban shawarci kowa ba. Wato har da mutumin Soron Ɗinki. Yara, ban san yadda zan rubuta muku abin da na ji ba, aji huɗu bai kai nan ba. Kunnena har rawa yake yi. Na ajiye buroshi, na share hannu a riga, na gyara zama. Sai wani abu ya faɗo mini.

"Gidan, yanzu ba kowa a ɗakin?"

"Akwai wata. Ba a daɗe da kawo ta ba. Da goyo."

"Mijinta yana nemanta?"

"Yana nema."

Na ɗauki buroshina.

"To bar shi a cikinki. Tashi ki shiga gida, uwarki ta yi ɗumame."

Ta tashi, ta tsaya kamar za ta ƙara magana, sannan ta wuce tana goge ido da bakin mayafi. Ni kuwa hayaƙin mai ƙosai ne ya shigar mini ido, kowa ya san yadda iska take kaɗowa ta wajen nan.

Har yau ban san gidan ba. Innarku ta sani, Gwaggo Asabe ta sani, Inuwa ya sani, kuma in ya zo wucewa ta gaban rumfa sai ya rage tafiya don in ga fuskar tasa da kyau. Ita waccan mai goyon ban taɓa ganinta ba, ko sunanta ban sani ba, ban san ta nawa ce a ɗakin yanzu ba. Amma in mijin wata a cikinsu ya ji ƙishin-ƙishin ya zo Mandawari gobe da dattawansa, ya tarar da ni a rumfa. Da alwalata nake zama.